Fosfet a jinin Baba: nazarin lamarin majinyacin da aka hana wake a Kumasi

A Kumasi akwai wani ɗan zama da matasa masu bincike suke yi a tsakaninsu, yawancinsu 'ya'yan zango daga Aboabo da Asawase da Tafo, waɗanda karatu ya kai su fannin lafiya da kimiyyar abinci. Wasu suna digiri na biyu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, ɗaya ya shiga na uku, akwai likita da ba ta daɗe da kama aiki ba, akwai kuma mai aiki a ɗakin gwajin jini. Babu farfesa a wurin, babu kuɗin tallafi. Sharaɗin shiga guda ne: ka zo da aikin da ba ka gama ba, ka nuna inda ya cije maka. Ina cikin masu zuwa, kuma abin da zan bayyana a nan lamari ne guda da aka kawo, wanda ya sa mutum biyar masu fanni daban-daban suka gane ashe sinadari ɗaya suke bi, wato fosfet, kowa ta tasa kafar. Na ɓoye duk abin da zai sa a gane majinyacin. Baba kawai zan kira shi, yadda ma'aikatan jinya ke kiransa.

Yadda aka kawo lamarin

Wadda ta kawo shi masaniyar abincin marasa lafiya ce, tana rubuta kundin digirinta na biyu a kan cimar masu wankin ƙoda. Baba magidanci ne, ɗan kasuwa, ya ba hamsin baya. Hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarsa a ɓoye, har ta kai sai da na'ura. Irinsa suna da yawa a asibitocin Ghana, inda hawan jini da kumburin matatar ƙoda da ciwon suga suka fi kai mutane ga wanki, kuma da yawan masu zuwa suna tsakiyar ƙarfinsu, da iyali a wuyansu.

Da aka fara masa wanki sai aka ba shi takardar abincin da zai guje wa, da Turanci, aka kuma jaddada masa da baki cewa ya bar wake da gyaɗa. Ya bari. Ƙosai ya fita daga karin kumallonsa, waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, ta fita daga abincin ranarsa, miyar gyaɗa da ta agushi suka bar gidan. Duk da haka, gwaji bayan gwaji, fosfet ɗin jininsa yana sama da ƙa'ida. Ƙaiƙayi ya hana shi barci, yana ta ramewa, albumin, wato wani furotin da ke cikin jininsa, ya yi ƙasa. Bayanin da ya fi sauƙin kamawa, wanda kuma aka saba rubutawa a fayil, shi ne majinyaci ba ya bin umarni, kuma a kan wannan ne babin ƙarshe na kundinta ya doshi tsayawa. Sai dai ta zauna da Baba da matarsa, ta ga mutane ne masu riƙe magana, zuciyarta ta ƙi yarda. Tambayar da ta ajiye a gabanmu ita ce: mutum ya bar duk abin da aka ce ya bari, to daga ina fosfet ɗin ke shigowa?

Abin da jiki ke yi da fosfet

Jikin babban mutum yana ɗauke da fosfaras kimanin giram 700, kuma a siffar fosfet yake zaune. Kashi 85 cikin 100 yana cikin ƙashi da haƙori, haɗe da kalsiyam. Kusan duk sauran yana cikin ƙwayoyin halitta, a jikin DNA, da fatar ƙwayar, da kuma ATP, wanda da shi tsoka ke motsi, jijiya ke kai saƙo. Abin da ke yawo a jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyi bai wuce kashi 1 ba, kuma wannan ɗan kason ne ɗakin gwaji ke aunawa. A jinin babba mai lafiya ana samun miligiram 2.5 zuwa 4.5 a kowace desilita. Na yara ya fi haka, domin ƙashinsu na kan ginuwa.

Ƙoda ce ke fitar da rarar ta fitsari, kuma homon uku, wato sinadaran da ke kai saƙo ta jini, su ne ke daidaita aikin. Akwai PTH, wanda wasu ƙananan ƙullutai huɗu da ke wuya, a bayan tayiroyid, suke fitarwa. Yana sa ƙoda ta zubar da fosfet, yana kuma kwance kalsiyam da fosfet daga ƙashi. Akwai bitamin D bayan ƙoda ta mai da shi mai aiki, shi kuma yana ƙara yawan abin da hanji ke tsotsa. Na ukun shi ne FGF23, wanda ƙwayoyin cikin ƙashi ke samarwa, ba a kuma gano shi ba sai a shekarar 2000. Yana sa ƙoda ta zubar da fosfet, ya rage sarrafa bitamin D, amma ba ya kama aiki a ƙoda sai tare da wani furotin mai suna Klotho, wanda Makoto Kuro-o da abokan aikinsa suka bayyana a Japan a 1997.

Idan ƙoda ta fara rauni, FGF23 ne ke fara hawa, PTH ya biyo baya, fosfet ɗin kansa sai can daga ƙarshe yake nunawa a gwaji. A lokacin rarar takan haɗu da kalsiyam ta daskare a bangon hanyoyin jini da ƙofofin zuciya, ƙashi kuma ya yi ta zaizayewa saboda PTH ya ƙi sauka. Ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wankin ƙoda, kuma wannan daskarewar tana cikin dalilan. Shi ya sa lambar da ke takardar Baba ta tayar wa masaniyar abincin hankali fiye da ƙaiƙayin.

Tambayar mai ɗakin gwaji

Shi ne ƙarami a cikinmu, kuma shi ya fara magana. Bai tambayi abinci ba sam. Cewa ya yi, “Yaya, jinin nan a ina aka ɗebe shi, da ƙarfe nawa, kuma ya daɗe kafin a juya shi?” Ba ta da amsa a lokacin, domin takardar sakamako ba ta ɗauke da waɗannan.

Dalilin tambayarsa shi ne jajayen ƙwayoyin jini cike suke da fosfet da ke ɗaure a jikin wasu sinadarai. In aka bar jini a kwalba awanni ba a saka shi a injin da ke juya shi ya raba ruwa da ƙwayoyi ba, ko kuma ƙwayoyin suka fashe saboda jijjiga ko siririyar allura, sai fosfet ɗin ya fito ya gauraye da ruwan, na'ura ta karanta adadin da ya fi na jikin mutum. Fotasiyam ma haka yake yi. Ga kuma sa'a: fosfet ɗin jini yana ƙasa da hantsi, ya hau da la'asar, ya ƙara hawa bayan tsakar dare. Gwajin safe da na yamma ba su kwatantuwa kai tsaye, haka ma na kafin wanki da na bayansa.

Ta koma ta bi diddigi. Sakamakon da ya fi kowanne muni ya fito ne daga jinin da aka ɗiba a wani ƙaramin wurin gwaji na unguwa, aka tara shi da na wasu, aka ɗora a pragya, wato babur mai ƙafa uku, cikin zafin rana zuwa inda na'urar take. A wannan takardar fotasiyam ma ya yi tsalle, alamar ƙwayoyin sun zubar da abin cikinsu. Aka ajiye wannan sakamako gefe. Sauran kuwa an ɗebe su yadda ya dace, kafin a ɗora shi a na'ura, kuma su ma suna sama. Ke nan matsalar gaskiya ce, sai dai ba ta kai munin da aka zata ba. Jagoran KDIGO na 2017, wanda likitocin ƙoda ke bi a duniya, ya ce a duba jerin gwaje-gwaje na fosfet da kalsiyam da PTH tare, kada a yanke hukunci a kan lamba ɗaya, kuma wannan lamarin ya nuna mana dalili.

A nan ne mai ɗakin gwajin ya ba mu wani tarihi da ya ƙarfafa wa kowa gwiwa. Hanyar auna fosfet da wani sinadari mai suna molibdet, wadda ke ba da launin shuɗi, Cyrus Fiske da Yellapragada Subbarow suka wallafa ta a 1925 a Harvard, a lokacin Subbarow matashi ne daga Indiya da bai daɗe da isa Amurka ba. Na'urorin yau a kan wannan haɗin na molibdet suke aiki har yanzu.

Tukunyar Hajiya

Mataki na biyu shi ne masaniyar abincin ta je gidan Baba, da izinin iyalin, ta zauna da mai girkin. Matar Baba ta ce mata, “'Yata, tun ranar da aka ba mu takardar nan wake bai sake hawa murhuna ba.” Ta ce, “Na yarda, Hajiya. To da safe me Baba ke ci yanzu?”

Amsar ce ta buɗe lamarin. Da ƙosai ya tafi, shayi mai kauri da madarar gwangwani ya maye gurbin koko, da burodi da soyayyen ƙwai da sosej. Da rana a kasuwa, tunda ba waakye, sai taliyar leda mai dahuwa nan take daga mai shayi, ko soyayyar kazar sanyi. Da dare tuwo, amma miyar da aka cire wa gyaɗa da agushi sai aka ƙara mata busassun ƙananan kifi don ta yi daɗi, waɗanda ake dakawa har da ƙayarsu. Ɗansu ne ya karanta musu takardar, kuma rabin abin da ke cikinta abincin Turai ne da ba su taɓa gani ba; sun riƙe abin da suka gane. Madarar shayi kuwa ba su ƙirga ta cikin abinci ba. Ga shi kuma Baba ba ya jin daɗin wannan sabuwar cimar, yana ci kaɗan ya ture, abin da ya ƙara masa rama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai kimiyyar abinci a cikinmu shi ya warware wannan. Ya ce fosfaras ɗin abinci kashi uku ne ta fuskar abin da hanji ke iya ɗauka. Na hatsi da wake da gyaɗa, fiye da rabinsa yana ɗaure a wani sinadari da ake kira faitet, wanda tsiro ke ajiyewa don ciyar da ɗan tsironsa. Hanjin ɗan Adam ba shi da isasshen enzayim mai kwance shi, don haka abin da ke shiga jini bai cika kai rabi ba. Saniya da akuya suna kwance shi da taimakon ƙwayoyin da ke tumbinsu. Kaji ba sa iyawa sosai, shi ya sa masu haɗa abincin kaji ke zuba enzayim ɗin a ciki. Na nama da kifi da madara da kwanduwar ƙwai, ana tsotsar kashi 40 zuwa 60. Na ukun shi ne wanda masana'antu ke ƙarawa don riƙe ruwa a nama, ko hana madara gudaji, ko sa taliya ta yi danƙo, ko tashin fulawa. Wannan gishirin fosfet ne tsantsa, ba ɗaure da komai ba, kuma kashi 90 ko fiye yana wucewa jini. A jikin leda ko gwangwani yakan zo da lamba: E338 a lemon kola, E339 zuwa E341, da E450 zuwa E452. Adadinsa kuwa ba kasafai ake rubutawa ba.

Ya kawo bincike biyu da aka wallafa. A 2011 Sharon Moe da abokan aikinta a Indiana sun ciyar da masu ciwon ƙoda, waɗanda ba su kai goma ba, mako guda da furotin na tsiro, mako guda da na nama, da adadin fosfaras kusan ɗaya. A makon tsiro fosfet ɗin jini da FGF23 sun fi yin ƙasa. A 2009 kuma, a jihar Ohio, an koya wa wasu daga cikin masu wankin ƙoda 279 karanta jikin kayan abinci don guje wa fosfet ɗin masana'anta, kuma bayan wata uku nasu ya fi na sauran sauka da miligiram 0.6 a desilita. Jagoran KDIGO ma ya ce a lura da tushen fosfet ɗin kafin a ba da shawarar abinci.

Ra'ayina a nan ba na ɓoyewa ba ne. Takardar da aka tsara don mai cin cukui da naman gwangwani, in aka miƙa ta ga mutumin da wake ne furotin ɗinsa mafi araha, to an raba shi da abin da ke riƙe da jikinsa, an kuma tura shi ga abin da ya fi cutar da shi. Mai wankin ƙoda yana bukatar furotin fiye da mai lafiya, domin na'ura na ɗebe wani abu daga ciki, kuma rama a wurinsu hatsari ce babba. Jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2012, ta sabunta a 2019, yana ba da jimlar fosfaras da ke cikin wake da gero, kuma aiki ne mai daraja. Amma abin da ke cikin kwano daban, abin da ya shiga jini daban.

Likitar ta taka mana burki, kuma ta yi daidai. Wake yana da fotasiyam da yawa, kamar ayabar dafuwa da doya da ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, kuma fotasiyam in ya taru yana iya tsayar da zuciya cikin sa'o'i, alhali cutar fosfet a hankali take ci. Don haka duk mai ciwon ƙoda da ke karanta wannan, kada ya koma wa wake sai da sanin likitansa da gwajin jini.

Magani da na'ura

Likitar ce kuma ta tambayi yadda Baba ke shan magungunansa. An rubuta masa kalsiyam kabonet, wanda aikinsa a nan shi ne ya kama fosfet a cikin hanji tun kafin a tsotse shi, su fita tare a bayan gida. Hakan ba ya yiwuwa sai an sha shi a tsakiyar cin abinci. Baba ya ɗauka maganin ƙarfin ƙashi ne, yana sha da asuba bayan salla da kuma lokacin kwanciya, cikinsa babu komai. A haka maganin bai kama ko ɗigo ba, sai ma kalsiyam ɗin ya fi shiga jini, abin da ke iya ƙara daskarewar da ake gudu. Akwai wasu masu kama fosfet marasa kalsiyam, irin su sebelama da lantanam, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu.

Sai ta yi mana lissafi a allo. Zama ɗaya na awa huɗu a na'ura yana cire fosfet miligiram 800 zuwa 1,000. Sau uku a mako, bai wuce 3,000 ba. Wanda ke cin miligiram 1,000 a rana, hanjinsa ya ɗauki kashi 60, ya tara 4,200 a mako. Ke nan ko mai samun cikakken wanki yana da rara, balle mai zuwa sau biyu, kamar Baba da yawancin takwarorinsa. Na'urar ba ta iya fin haka ne saboda jini kawai take tacewa, fosfet kuwa yana cikin ƙwayoyi da ƙashi. Na jini yakan faɗi a farkon zama, sannan ya sake hawa bayan an sauko. Batun sau nawa ake wanki kuma batun kuɗi ne da yawan na'urori. Mutane ba su manta ce-ce-ku-cen 2023 ba, lokacin da aka sanar da shirin ɗaga kuɗin zama ɗaya a asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra daga sidi 380 zuwa sama da 765. A Disamban 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar nauyin wanki a cibiyoyin da ta amince da su, wanda ya sauke wa iyalai kaya, amma kuɗin mota da gwaji da magani suna nan, cibiyoyin kuma sun fi taruwa a Accra da Kumasi.

Gardama a kan FGF23

Mai digiri na ukun, wanda aikinsa a kan FGF23 ne, ya so a auna wa Baba shi. An yi gardama mai zafi. Hujjarsa tana da ƙarfi: binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna masu fara wanki da FGF23 ɗinsu ya fi yawa sun fi mutuwa a shekarar farko, a 2011 kuma aka nuna yana iya kumbura tsokar zuciya. Likitar ta ce duk gaskiya ne, amma ko sakamakon ya fito yaya, maganin Baba ba zai canza ba, kayan gwajin daga waje ake odarsu da tsada, jinin kuma yana bukatar firiza mai tsananin sanyi da wuta mara yankewa. In bincike ne yake so, ya nemi izinin kwamitin ɗa'a ya rubuta shi a matsayin bincike, kada a fake da jinya. Ina tare da ita a wannan.

Amma shi ma bai tashi hannu rabbana ba. A cikin gardamar ne mai kimiyyar abinci ya tuna masa cewa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana ƙara samar da FGF23, kuma nau'in gwajin da ke kama gutsattsarinsa yakan nuna adadi mai yawa a irin waɗannan mutane. A wurin da ƙarancin jini ya zama ruwan dare, wanda ya auna FGF23 bai auna ƙarfen jini ba zai iya fassara sakamakonsa a karkace. Ya ƙara wannan a tsarin aikinsa. Likitar kuma ta kawo ɗaya ɓangaren, inda fosfet ke yin kaɗan: a Gambiya, Ann Prentice da abokan aikinta sun ruwaito a 2008 cewa yara masu gwamewar ƙafa suna da FGF23 mai yawa, a Jos kuma an nuna a 1999 cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke gwame ƙafar yara da yawa a can, ba rashin rana ba. Akwai kuma ciwon gado da ke sa ƙoda zubar da fosfet, wanda ke samun kimanin mutum 1 cikin 20,000. Yaron da aka ba bitamin D ƙafarsa ba ta miƙe ba, ya kamata a duba fosfet ɗinsa.

Abin da aka yi wa Baba

Babu wanda ya taɓa jinyarsa daga zamanmu. Masaniyar abincin ta rubuta abin da ta gano ta kai wa likitan da ke duba shi, shi ya yanke. Aka koya wa Baba ya riƙa ɗaukar maganin a aljihu ya sha da loma ta farko. Sosej da taliyar leda da madarar gwangwani suka fita. Nama da kaza a tafasa a zubar da ruwan farko, domin tafasawa na rage fosfet. Ƙwai a fi cin farinsa. Kifi a cire ƙaya. Wake ya dawo ɗan kaɗan a aune, a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan jiƙo da na tafasar farko, ba kanwa, ana bin fotasiyam ɗinsa da gwaji. Duk bayanin da Hausa aka yi shi, a gaban Hajiya, tunda ita ke da tukunya. Jini kuma a wuri ɗaya ake ɗiba, kafin wanki.

A gwaje-gwajen da suka biyo baya fosfet ɗin ya sauko, ko da yake bai shiga ƙa'ida ba. Ƙaiƙayin ya ragu, ya koma cin abinci da marmari. An canza abubuwa da yawa a lokaci guda, a kan mutum ɗaya, don haka ba a iya ware wanda ya fi aiki, kuma ta rubuta hakan ƙarara a kundinta. Abin da ya canza gaba ɗaya shi ne tambayarta. Ta bar neman sanin ko majinyata na bin umarni, ta koma tambayar me suke ci a madadin abin da aka hana su, da yadda suke shan maganin kama fosfet.

Na tabbata da a babban taro ta kai wannan aikin, bayan ta goge shi ya yi sumul, da ba wanda zai tambaye ta ƙarfe nawa aka ɗebi jini, kuma da ba ta da ƙarfin halin cewa ba ta sani ba. Tsara ce ta ba da wannan damar. Sai dai irin zaman yana da nasa hatsarin, kuma mun yi magana a kai a fili. Unguwanninmu an san juna, kwatance kaɗan ya isa a gane mutum, don haka ba a kawo suna ko hoton fayil. Tsoron a sace wa mutum tunani ma gaskiya ne ga wanda bai wallafa komai ba tukuna. Maganin da muka samo shi ne littafi da ake rubuta wanda ya kawo kowace shawara da ranar da ya kawo ta, in aiki ya fita a san wa za a sa.

Tambayar koko

Lamarin ya bar mana aiki guda a buɗe. Koko ana yin sa ne da geron da aka jiƙa, aka niƙa da citta da kanumfari da barkono, aka tace, aka bari ya yi tsami. Tsamin nan, da ƙwayoyin da ke kawo shi, suna kwance faitet. Ga yara da masu ciki wannan alheri ne, domin faitet na hana tsotsar ƙarfe da zink. Ga mai ciwon ƙoda kuwa, kwancewar na nufin fosfet ɗin da ke ɗaure ya saku. A ɗaya hannun, ruwan jiƙo ana zubarwa, dusa ana tacewa, koko kuma ruwa ya fi yawa a cikinsa, don haka jimlar da ta rage a kofi tana iya zama kaɗan. Dokunu da fura da burkina, wato abin sha na gero da madara, duk wannan tambayar ta shafe su.

Mai kimiyyar abinci da mai ɗakin gwaji sun haɗa tsari: za su karɓi samfuri daga masu koko a Aboabo da Asawase a mataki biyar, wato ɗanyen gero, bayan jiƙo, bayan tata, bayan tsami, da damammen koko, su auna jimlar fosfaras da faitet da sakakken fosfet a kowanne. Kwalaben gwajin sai an wanke su da asid, domin wasu sabulan wanki suna ɗauke da fosfet da zai ɓata awon. Yanzu suna neman kuɗin sinadarai. Kafin sakamako ya fito, abin da likitan Baba ya amince da shi shi ne ƙaramin kofi ɗaya na koko da safe, a ƙirga shi cikin ruwan da aka ƙayyade masa na yini, kuma ba a zuba madarar gwangwani.